Shekarar da Na Tone Gamba

Ruwan da aka yi ranar Talatar nan bayan La'asar shi ya fama min tsohon miki. Sati uku cur sama ta ɗauke mana, masara har ta fara naɗe ganye, sai ga hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Kafin mutum ya kwance akuya ya kai ta rumfa, an kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana ɗaukewa na jawo sandata na nufi gona, matata Hansai tana ta faɗa, wai tsoho da ciwon gwiwa ina za shi cikin taɓo. Na fice abina. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ta san in ruwa ya yi irin wannan sauka ba na iya zama a gida.

Gonarmu a gangare take, ta taso daga gindin gawo can tudu ta sauko wajen rafi. Layi uku na gamba ne suka ratsa ta a gicciye, ciyawar nan doguwa da ake saƙa zana da ita. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya zo da ƙarfinsa, ya tarar da gamba, ya tsaya ya sauke ƙasar da ya ɗauko, sannan ya tsiyaye a hankali ya wuce. Na sunkuya na damƙi laka baƙa mai sanyi, na ce alhamdu lillahi.

Wata biyu da suka wuce, a kan gamban nan muka yi ka-ce-na-ce da babban ɗana Kabiru. Ya ɗauko hayar tarakta daga Bakori. Direban ya leƙa gonar ya ce shi ba zai iya ta juye-juye tsakanin ciyawa ba, a fesa mata magani ta mutu, a yi masa fili ɗaya. Kabiru ya ce, "Baba, ciyawa ce fa kawai." Na ce tarakta ta koma inda ta fito. Ya yi fushi, kwana biyu da ƙyar yake gaishe ni. Wallahi ban ga laifinsa ba. Maganar da ya faɗa ni na riga shi faɗarta, a wannan gona, lokacin ko shekarunsa na yanzu ban kai ba.

A shekarar da nake magana, Baba ya sakar min gandu. Gwiwoyinsa sun gaza, irin ciwon da nake fama da shi yau, ya koma zaure yana tufkar igiya. Ni kuma shekarata ɗaya da aure. Audugar da muka noma ta yi kyau, aka cire jinka aka yi wa ɗakuna rufin kwano, na rage rumbu na cika, na je kasuwar Danja na koro bijimai biyu, na haɗa da garmar shanu. Tabɗi! Da ka gan ni, ni Lawal, a lokacin, ƙasa ma da ƙyar take ɗaukata. Ni ne na uku da ya mallaki shanun huɗa a ƙauyenmu, kuma na tabbatar kowa ya sani.

To shanu doguwar kunya suke so. Gonarmu kuwa doguwa ce daga tudu zuwa gangare, gajeruwa a gicciye. Su Baba da garmar hannu a gicciye suke huɗa, kunyoyi gajeru suna bin layin gamba. Na duba na ga in na bi yadda suke yi, rabin yini a juya shanu zai ƙare. In kuwa na miƙe kunya tun daga gawo har ƙasa, kafin Azahar na yi aikin mutum goma. Abu ɗaya ya tare min hanya, gamba. A sanina kuma amfaninsa ɗaya ne, a yanka da kaka a yi zana, a yi jinka. Mu da muka yi kwano, katangarmu ta ƙasa, me za mu yi da shi?

Na sami Baba a zaure na durƙusa na ce, "Baba, ina so in tone gamban gona."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Me ya yi maka?"

"Ya tare wa shanu hanya. Kuma yana cin wurin kunya shida a banza."

Ya daɗe yana murza igiya a cinya, sannan ya ce, "Ni dai tarar da shi na yi. Ubana ma tarar da shi ya yi."

"Ai don jinka ne, Baba. Yanzu an wuce nan."

Ya ce, "To. Gandu a hannunka yake."

Baba ba ya maimaita magana. Kuma tsakani da Allah, ina jin shi kansa bai taɓa zama ya tambayi dalilin gamban ba. Ya dai san ba a taɓa shi.

Da bazara na shiga aikin, lokacin da rana ke dukan mutum tun hantsi, ƙasa ta yi tauri, iska ta tsaya cak, gumi na shiga ido yana yaji. Wanda bai taɓa tonon gamba ba bai san saiwa ba. Ka kai diga ta dawo maka, ka sake kaiwa, ka ja, ka ji abin ya riƙe ƙasa gam. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Da ina da hankali, wannan riƙon kaɗai ya isa ya gaya min wani abu. Ina! Zaginsa nake yi ina ƙara ƙaimi.

A kwana na shida Iya Dije ta biyo ta wurin da akuyarta. Gonarta ce ƙasa da tamu, iyaka da iyaka, 'yar ƙarama. Ita ce ungozomar unguwarmu, ita ta yanke min cibiya, shi ya sa tun ina rarrafe take ce min "mijina", ni kuma in ce mata "uwargida". Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mijinta na gaskiya, Malam Iro, ɓarin jikinsa ya shanye, shekara uku yana kwance. 'Ya'yansu mata biyu suna aure nesa, ɗaya a Gozaki, ɗaya can bayan Malumfashi. Gonar nan ita ce cinsu ita ce shansu, kuma da hannunta take noma ta, dawa da wake, da kuɓewa a gefe.

Ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Mijina, yaƙi kake yi da ciyawa?"

Na ce, "Uwargida, zamani ya zo. Bana da shanu za ki ga noma."

Ta dubi tudu, ta dubi gonarta, ta ce, "Ni dai abin da na sani, duk ruwan da ya gangaro gonata a gajiye yake isowa. A wurin gamban nan yake hutawa."

Na yi dariya har na jingina da diga. Na ce, "Ruwa ma gajiya yake yi?"

Ta ce, "Oho maka. Wanda ka tone ƙonawa za ka yi?"

Na ce e. Ta ce to in ba ta sadaka. Ta cika kwando da tushen gamba, ta ce za ta dasa a bayan gidanta inda ruwan wanke-wanke ke bi, ko ta samu na zanar da za ta kare wa Malam rana. Sau uku tana dawowa tana ɗiba. Saura na tara na cinna masa wuta, na tsaya ina kallon gona ta zama fili ɗaya fetal, raina fes.

Ruwan fari ya zo da wuri a shekarar, ya yaudare mu. Ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fito da sungumi. Na ɗaura wa bijimai garma na ja kunyoyina tun daga gawo har iyakar Dije, miƙaƙƙu sambal, mutane na tsayawa a hanya suna kallo. Na shuka masara, na zuba mata takin zamani. Tsiro ya fito. Daga nan sama ta rufe bakinta.

Kwana goma, kwana ashirin. Hadari ya haɗo da yamma, mu fito mu zuba masa ido, iska ta zo ta watsa shi. Tsiro ya yi ja, ya kwanta, ya bushe. Aka sake shuka da wani ɗan yayyafi, shi ma tsuntsaye da zafin ƙasa suka cinye. Muka fita roƙon ruwa a filin Idi, riguna a juye, mata suka daka gumba aka raba sadaka. Rumbunmu kuwa, wanda na rage don bijimai, Hansai ta fara shiga cikinsa gaba ɗaya kafin ta ɗebo abin daka, ga ta da ciki wata biyar.

Yadda muke yini ke nan a lokacin. Da safe kunu, ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa kana ganin gindin ƙwarya. Da rana ba a ɗora komai, sai in Hansai ta samo tafasa ko rama a bakin rafi ta dafa ta yi kwaɗo, wani lokacin ko ƙuli babu, gishiri da barkono kawai. Tuwo sau ɗaya, bayan Magariba, malmala ƙanana. Baba ya ci rabin tasa ya ture sauran ya ce a kai wa mai ciki, shi ya ƙoshi. Kowa ya san bai ƙoshi ba. Yunwar damina daban take da ta azumi, don ba ka san ranar shan ruwa ba, kuma da ita za ka ɗauki fartanya. In na sunkuya noma na ɗago, sai in ga gari yana juyawa.

Su ma bijiman haƙarƙarinsu ya fito. A nan na fara jin kunya a ɓoye, don gamba shi ke riga kowace ciyawa tsirowa, ko da ɗan raɓa ne. Duk wanda ke da shi a iyakar gonarsa yana yankar wa dabbobinsa ɗanye shar. Ni da na ƙone nawa, sai na bi gonakin mutane ina roƙon a bar ni in yanka.

Shuka ta uku ce ta kama. Na haɗu da Iya Dije ranar, tana tafe da ɗan tulun da take ajiye iri a cikin toka. Ta kife shi a gabana ta ce, "Mijina, ka gani? Na ƙarshe ke nan. In wannan bai yi ba, sai dai ka ciyar da matarka." Muka yi dariya. Allah da ikonsa ruwa ya zauna. Dawarta ta taso kore shar har ta kai ƙugu, wake ya fara yaɗo a ƙarƙashi. Kullum da sassafe, in ta gama gyara Malam Iro ta ba shi kunu, tana cikin gonar nan a duƙe.

Ranar da abin ya faru muna cikin marka. Ina gona ni kaɗai ina maimai. Tun Azahar gari ya yi zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, cinnaku sun fito suna ta kwasar ƙwai. Wajen La'asar gabas ta yi baƙi. Iska mai sanyi ta bugo, tsawa ta fashe, ruwa ya sauko gaba ɗaya. Na ruga gindin gawo, na manta gawo ba ya da ganye da damina, bai tare min komai ba. Daga nan tudun nake ganin gonar duka, kuma da ma ban gani ba.

Kowane kwarin kunya ya cika ya zama ƙorama. Kunyoyin nan nawa miƙaƙƙu da nake taƙama da su, su suka nuna wa ruwa hanya. Ba abin da ya tare shi. Yana gudu ja wur, ɗauke da ƙasata da takina, yana ƙara ƙarfi yana sauka, har ya haɗu wuri ɗaya a iyaka ya fasa ta. Na ji ƙarar duk da ruwan da ke dukan kunnena. Na ga dawar Dije ta kwanta layi-layi, na ga ta ɓace.

Na ruga da fartanya wai zan tare. Me zan tare? Ruwan ya kai min gwiwa, ya kwashe ƙafafuna, na faɗi na sha taɓo. Na rarrafo gefe na zauna ina salati.

Da aka ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Rami ya tsaga gonar Dije gida biyu, zurfinsa ya kai ƙirjina. Inda bai tsage ba, rairayi fari da tsakuwa sun binne shi. Ƙasar kirki duk ta tafi rafi. Kan dawa ɗaya-ɗaya ne ke leƙowa daga cikin yashi, ko'ina warin ɗanyen taɓo.

Ina nan zaune ta iso, da tsohon buhu a ka. Ta tsaya a bakin ramin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta sunkuya ta zaro karan dawa ɗaya, ta share masa yashi da bakin zanenta, ta riƙe. Na taso na matsa kusa da ita. Na rasa abin faɗa, sai bakina ya saki gaisuwar da aka saba, na ce, "Iya, ya ruwa?"

Ta dube ni ta ce, "Ruwa ya yi gyara, Lawal."

Lawal. Wallahi da mari ta kwaɗa min da ya fi min sauƙi. Ta juya ta tafi da karan a hannunta.

Ba ta kai ƙara wurin mai unguwa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Washegari, da labari ya kai wa Baba, ya ce a ɗora shi a jaki. Na ja shi har gona. Ya dubi kunyoyina, ya dubi ramin. Sannan ya aika aka kira Dije da mai unguwa da liman, aka tsaya a gindin gawo.

Ya ce, "Ku shaida. Daga gawon nan zuwa inda gamban farko yake da, da abin da ke tsaye a ciki, na Dije ne." Wurin nan shi ne zuciyar gonarmu, inda ganyen gawo ke zuba, kuma nan ne kaɗai masara ta tsira sosai. Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka ɗauki tata. Ranar da ta koma yadda ka same ta, ka mayar mata, ka karɓi taka."

Dije ta ce, "Malam, ni fa ban kawo ƙara ba."

Baba ya ce, "Na sani. Shi ya sa."

Na ce, "Baba, Hansai tana da ciki. Me za mu ci?"

Ya ce, "Abin da ka bar wa Iro."

Can Dije ta ce, "Saboda mai jinya na karɓa. Amma aro ne. Gonata nake so, nan uban maigidana ya noma." Ba ta dube ni ba.

Sai aka kira gayya. Gayya kuwa da tuwo ake yin ta, da fura, da makaɗi. Mu ba mu da ko ɗaya. Na bi gida-gida kaina a ƙasa ina faɗa wa mutane gaskiya, cewa aiki ne ba abinci. Na ɗauka mutum biyar ba za su zo ba, ga yunwa, ga kowa da nasa noman. Ranar da safe na tarar da mutum sun fi ashirin, wasu da 'yar furarsu a gora. Sun zo, amma ba su bar ni na sha iska ba. Wani ya ce, "Ina mai shanu? A miƙe mana ramin nan sambal mana!" Aka kwashe da dariya. Na haɗiye, don kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Muka kafa turaku a cikin ramin a gicciye, wuri-wuri, muka saƙa su da ƙaya da rassan geza, muka jera duwatsu a baya. Masu jakuna suna kawo dutse daga tudu, yayyafi na sauka a bayanmu, ƙafa na nutsewa. Muka datse kwarin kunyoyina da ƙasa kowane taku kaɗan don ruwa ya rasa hanya miƙaƙƙiya. Da aka zo maganar mayar da gamba, sai aka yi cirko-cirko. Layi uku ba wasa ba ne, kowa kuma yana tsoron taɓa na iyakarsa bayan abin da aka gani.

Muna cikin haka sai ga Hansai tafe da cikinta, da kwando a ka, mata biyu na biye da ita da nasu. Ta sauke a gabana ta ce, "Iya ta ce a kawo maka. Ta ce akwai saura a bayan gida, ka je ka tone da kanka."

Tushen gamba ne, kore, ya yi 'ya'ya. Wanda ta roƙa sadaka ranar da nake mata dariya. Gamban kakana bai ƙare a wutata ba, ashe yana bayan gidanta yana shan ruwan wanke-wanke. Muka tsattsaga shi muka dasa, tushe kusa da tushe, a kan tsohon layinsa. Ina dasawa ina share ido da kafaɗa, ina cewa yayyafi ne.

Kaka ta zo, ba mu ga kaka ba. Abin da na girba bai kai mu tsakiyar rani ba, sai da na sayar da bijimi ɗaya muka ci. A cikin kakar Hansai ta haihu. Wa za a kira? Iya Dije. Ta zo ta yi aikinta tsaf kamar yadda ta saba, ta yanke cibi, ta yi wanka, ta yi kwana bakwai tana zuwa safe da yamma. Ranar farko ina tsaye a tsakar gida na ji ta a ɗaki tana yi wa jaririn wasa, tana cewa, "Ga mijina ya iso! Kai, wannan miji da ƙaton kai!" Ta fito tana goge hannu, ta gan ni, ta ce, "Barka, Lawal. Namiji ne." Ta wuce. Jaririn nan shi ne Kabiru mai tarakta.

Ba gaba take yi da ni ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. In na gaishe ta tana amsawa, in ba ni da lafiya tana aikowa. Sunan ne kawai ta ɗauke. Na san kuma inda ta ajiye shi, yana ƙarƙashin yashin nan tare da gonarta.

Daga nan na zama mai jinyar ƙasa. Da rani ban kwashe kara ba, ban sa wuta ba, na bar shi ya kwanta a gona. Na je rugar Malam Buba, Bafulatanin da ke sauka kusa da mu kowace shekara, na roƙe shi ya kafa turken shanunsa a gonar Dije, ni kuma in ba shi harawa in buɗe masa rijiyarmu. Ya zo ya duba ya ce, "Malam Lawal, nan gona ce ko bakin kogi?" Amma ya kawo su, suka yi wata biyu suna kwana a kai, yana matsar da turke daga wuri zuwa wuri. Toka, sharar gida, kashin awaki, duk abin da Hansai ta share, a mangala yake ƙarewa in kora jaki. Bijimin da ya rage na haɗa shi da na maƙwabci, muka koma huɗa a gicciye, muna juya shanu sau ɗari ba mai ƙorafi.

Damina ta farko wake kawai wurin ya karɓa, shi ma a wahale. Ta biyu na gwada dawa, ƙuduji ya fito ya shanye ta, na bi shi da hannu ina tugewa kafin ya yi fure. A ranin shekarar Malam Iro ya rasu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Bai ƙara cin dawar gonar ubansa ba, kuma ni na jawo. Wannan har yau ban sauke shi daga raina ba.

A damina ta uku gamba ya yi kauri, ramin ya fara cikowa, kowane ruwa ya ajiye ƙasa kaɗan a bayan duwatsu. Dawa ta tsaya ba laifi. Na yi gaggawa, na je na ce mata, "Iya, gonarki ta warke." Ta biyo ni, ta soka sandarta a ƙasa, ta ji ƙarar yashi a ƙarƙashi. Ta ce, "Da saura, Lawal." Ta koma. Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Hansai tsohuwar nan so take in mutu a gonarta. Hansai ta ce, "Ƙarya ta yi maka?"

Ban ƙara zuwa na kira ta ba. Baba ya rasu a damina ta huɗu. Ita ma ta fara rankwafawa, idonta ya rage gani, har wata ta karɓi ungozomancin. Tsoron da nake kwana da shi ke nan, kada ta bi su gonar tana hannuna.

Damina ta biyar, wajen ƙarshen marka, ina cikin dawa ina cire ciyawa da hantsi, dawar ta fi ni tsayi, wake ya rufe ƙasa. Sai na ji takun sanda. Ita ce, ita kaɗai, ba wanda ya kira ta. Na gaishe ta. Ta bi gefen gamba tana shafa shi da hannu. Ta nemi inda ramin yake da, ta taka, ta sake takawa, ta wuce ta kai ba ta sani ba, sai da ta dawo baya tana lalube da sanda. Ta soka sandar, ta shige shiru. Sannan ta durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ta sa yatsu ta tona. Ta ɗebo ƙasa baƙa, ta murza, ta kai hanci. Tana ta fito tana motsi a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallonta, ta mayar da ita ramin ta rufe.

Ni dai ina tsaye da fartanya, ina jiran in ji "da saura".

Ta dafa sanda za ta miƙe, gwiwa ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma ta zauna. Ta ɗago kai ta harare ni.

Ta ce, "To mijina, haka za ka tsaya kana kallona? Kama ni in tashi mana."

Na yar da fartanya na kama ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙato da ni, mai 'ya'ya biyu, na tsaya a tsakiyar dawa ina kuka wiwi, ita kuma tana kaɗe zanenta tana cewa in rufa mata asiri kada mutane su ce dukana ta yi.

Damina biyu ta ci dawar gonarta kafin Allah ya karɓi abarsa. Jikokinta ke noma wurin yanzu. Ranar Talata da na gama bin gamba na sauka har iyaka na leƙa. Ruwa ya iso musu a gajiye, dawarsu tana tsaye.